Godiya ga waɗanda suka rage sauri domina

Alhamdu lillahi, Alhamdu lillahi. Yau bayan sallar Asuba na taka da ƙafata daga ƙofar masallaci har gindin Goron Dutse na dawo, minti 40 cif, ban dafa kowa ba, ban jingina da katangar kowa ba. Rabona da wannan tafiyar mako 13 ke nan. 'Yan'uwana 'yan tattakin asuba, kun san abin da ya faru, ciwon baya da ƙafa ne ya kwantar da ni, ba sai na sake jan ku ba, ni ma na gaji da maimaita labarin. Godiya kawai na zo yi, idan ta fito a hargitse a yi mini uzuri.

Zan fara da likitan da ya duba ni a Asibitin Ƙashi na Dala. Kafin in je wurinsa babu sunan da ba a raɗa wa ciwon nan ba: wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce amosanin ƙashi, wata ta rantse jifa ne. Shi kuwa ya ɗaga hoton MRI ya sa bakin biro a wurin, ya ce faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙashin L5 da S1, can ƙasan gadon baya, shi ne ya bulluƙo ya danne saiwar jijiyar da ake kira sayatika. Ya ce duk jikin ɗan Adam babu jijiyar da ta kai ta tsawo da kauri, daga ƙugu take fitowa ta ratsa ɗuwawu ta bi bayan cinya, rassanta su sauka har tafin ƙafa. A ranar na gane abin da ya sa ciwon yana baya amma wutar a sharaɓata ta hagu take ci, da abin da ya sa atishawa ɗaya ke sa ni ganin taurari. Ya tambaye ni ko fitsari ko bayan gida na ƙwace mini, ko yana ƙin fita, ko tsakanin cinyoyina ya mutu ba na jin taɓi. Na ce a'a. Ya ce to yawancin masu irin wannan suna samun sauƙi cikin makonni zuwa 'yan watanni ba tare da tiyata ba, amma duk daren da na ga ɗaya daga cikin alamun nan kada in jira gari ya waye. Shi ne kuma ya raba ni da diclofenac ɗin da nake saya a kemis ina afawa safe da dare, ya ce mai ciwon suga irina yana wasa da ƙodarsa da cikinsa. Likita, Allah ya saka maka da Aljanna.

Maganar sugan ce ta fi tayar mini da hankali, ko da yake ban gaya wa kowa ba. Shekara 6 ke nan tattakin asuba ne ke taimaka wa magani wajen riƙe mini shi. In na kwanta suga ya hau, in na taka ƙafa ta kama da wuta. Gaba kura, baya sayaki. 'Yar'uwar da ta yi mini gashi a sashen fiziyo ce ta fitar da ni. Ta ce, "Malam, kwanciya ba magani ba ce, amma ka manta da minti 40 ɗin nan tukuna." Ta yanka mini minti 5, sau 3 a rana, a shimfiɗaɗɗen wuri, da gajeren taku, ba hawan dutse, ba silifa. Ta ba ni ma'aunin da har yau da shi nake aiki: idan zafin yana janyewa daga ƙafa yana komawa ƙugu, alamar alheri ce, in ci gaba, idan yana ƙara gangarowa zuwa yatsu ko ƙafar tana yin nauyi, in tsaya, gobe in rage. Ta hana ni daɗewa a kan keken ɗinki, duk rabin awa in miƙe, ta ce in sa matashi tsakanin gwiwoyi idan na kwanta a gefe. Allah ya yi wa zuriyarki albarka, ya sa ki gama da iyayenki lafiya.

Sai Baba Alhaji. Na san zai yi mini faɗa, don ya ce kada in kuskura in faɗa, amma Baba ka yafe mini, abin ya fi ƙarfin cikina.

Ranar farko da zan koma tattaki, cikin hunturu ne, na yi sallata a kan kujera a ƙarshen sahu, na fito. Kambas ɗina na nan inda na tuɓe su. Na zura ƙafa, na zo sunkuyawa in ɗaure igiya, sai na ji kamar an jona mini wayar lantarki daga ƙugu har diddige. Na miƙe na riƙe ƙyauren masallaci. Jama'a na ta wucewa ana yi mini sannu, ni kuma kunya ta hana ni cewa komai. A zuciyata na riga na yanke cewa gida zan koma, tattaki ya ƙare mini. Ban ankara ba sai na ga dattijon nan, sa'an mahaifina, ya jingine sandarsa, ya tattare babbar rigarsa ya durƙusa a gabana a kan simintin nan mai sanyi. Na ce, "Haba Baba, don Allah ka tashi!" Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Ɗana, tsaya cak, kada ka sa in yi kuskuren ƙulli." Ina kallon furfurar ƙeyarsa ƙarƙashin hula, yatsunsa na rawa don sanyi, ya ɗaure ta hagu, ya sa yatsa ya gwada ko ta matse, ya kwance ya sake. Wallahi hawaye na yi, na gode Allah da gari bai gama wayewa ba.

Kwana 19 yana yi mini haka, bai yi fashi ba. Shi ne kuma ya ƙirƙiro ƙirgen falwaya. Ranar farko falwaya 3 muka yi muka juyo. Ya ce gobe ma 3, kada in yi haɗama. Ranar da na yi gardama na kai 10 na kwana ina juyi, da safe bai ce ai na gaya maka ba, ya mayar da ni 5 kawai. Sauran 'yan tattaki, ku da kuka saba tafiya kamar za ku tashi sama, kuka dinga jan ƙafa kuna hira kamar dama haka saurinku yake. Na lura, kuma ba zan manta ba. Allah ya tsayar da ƙafafunku a kan Siraɗi. Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya jiƙan Hajiya, ya sa 'ya'yanka da jikokinka su yi maka fiye da abin da ka yi mini, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarka. Amin, amin.

Maman yara, ba na ambatonki a bainar jama'a, yau dai ki yi haƙuri. Tawul da ruwan zafi ƙarfe 2 na dare, buta da kika dinga riƙe mini, da fushin da na dinga saukewa a kanki ba da laifinki ba. Allah ya san abin da ke raina. Yaran shago da suka riƙe ɗinkin mutane ba a ji kanmu ba, Allah ya ba ku naku shagunan. Maƙwabcina mai adaidaita sahu, wanda ke lallaɓa kowane rami a hanyar Dala saboda ni, ya kuma ƙi karɓar ko sisi, Allah ya buɗa maka.

'Yan'uwa na jini da suka zo, na gode. Waɗanda kuma tsakaninmu bai wuce kuɗin mota ɗaya ba amma sai saƙon WhatsApp na sunan saiwa da lambar mai ƙaho, shi ma na gode, na san kowa da abin da ya dame shi. Na dai yi ta duban ƙofa, musamman makon farko. Allah ya bar zumunci.

Ban warke sarai ba. Gefen tafin ƙafata da ƙaramin yatsa har yanzu suna ɗan dindiris, kuma an ce kada in hau Goron Dutse tukuna, don haka hawan Asabar ku ci gaba, ni zan jira ku a ƙasa. Masu kaya a shago, na dawo aiki rabin yini, ku ƙara mini haƙuri kaɗan. Gobe in Allah ya kai mu muna nan ƙofar masallaci bayan an shafa. Baba, tun shekaranjiya nake ɗaure takalmina da kaina, in ɗora ƙafa a kan dakali kamar yadda aka koya mini, sandarka kawai za ka riƙo.