Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da Muka Auna Ƙofofin Makaranta

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a inda Baba ya sayar da huhunan goron da ya tanada don Sallah ya biya mini kuɗin rajista, Kawu na Mile 12 kuma ya ƙi taka ƙafarsa gidanmu na Agege ranar walima. Na yi niyyar ba ku labarin shekarar farko a jami'a daki-daki, amma da na zauna rubutu sai na tarar ba abin da ya rage mini a kai daga shekarar nan sai matakala.

Ajinmu yana hawa na biyu. Akwai lif a ginin, an ce tun kafin mu zo ya mutu, har ma masu shara sun mayar da bakinsa ma'ajiyar bokitai. Kullum da safe sai in tsaya a gindin bene da kekena ina jiran samari huɗu masu ƙarfi. Kuma wallahi ba zan yi musu butulci ba, ba su taɓa ƙi ba. Yarabawa, Ibo, 'yan Arewa, kowa da saurinsa, biyu su kama gaba biyu su kama baya. To amma ku da kuka san yadda Goggo ta rene ni, ku yi tunanin 'ya mace baliga, an kwantar da kekenta baya, hannu ɗaya ta riƙe hijabi kada ya zame, ɗayan ta danne zani, numfashin maza huɗu a fuskarta, ɗalibai sun yi layi a matakala suna kallo, wani har ya ɗaga waya. Idan an dire ni kuma dole in yi godiya da fara'a, don gobe ma ina bukata.

Goggo, Allah ya ji ƙanta, ita ta goya ni har na kai shekara tara, daga gida zuwa Islamiyya, daga Islamiyya zuwa asibiti. Amma ita ce kuma take cewa, "Wanda ya goya ki, inda ya ga dama zai sauke ki." Ina ƙarama na ɗauka gori take mini. Ban gane ba sai wata ranar Alhamis da hadari ya taso daga wajen teku ana cikin laccar yamma. Malam yana fita, aji ya watse, kowa ya ruga neman motar danfo kafin ruwa ya tsinke. Ba wanda ya yi niyyar mugunta, kowa dai ya ɗauka wani zai sauko da ni. Na zauna a barandar nan har aka kira magariba, wayata ba caji, sai da wata mai shara Bayarabiya ta hango ni ta kira masu gadi. Ina jin ta tana faɗa da yarensu har muka iso ƙasa. A daren nan maganar Goggo ta zauna mini, kuma har yau ba ta tashi ba.

Akwai wanda ban taɓa gaya wa Inna ba sai yanzu da za ta ji an karanta mata. Daga asuba ba na shan ruwa sai na dawo ɗaki, saboda ƙofar banɗakin ginin ta fi kekena ƙanƙanta. A zafin Legas na watan Maris. Ciwon marar da na yi ta fama da shi, wanda Inna ta ɗora wa sanyin fanka, daga nan ya samo asali.

A watan Janairun 2019 ne wani abokin karatunmu makaho, ɗan Ibadan mai karatun lauya, ya zo yana buga sandarsa da sauri yana neman inda nake. Ya ji a rediyo cewa Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu wariya. Da muka samu kwafinta muka buga a shagon fotokwafi, ni nake karantawa shi yana tsayar da ni yana fassara mini yaren lauyoyi. Dokar ta ce wanda ya nuna wa mutum wariya saboda nakasarsa, idan kamfani ne ko hukuma tarar Naira 1,000,000, idan mutum ne Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun. Ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara yadda mai keke da makaho za su shiga da kansu. Ta ce a ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ta hana a ɗauki nakasasshe a riƙa yawon bara da shi. Har layi ta ambata, cewa a ba mu gaba. Da na kai wajen gine-gine sai murya ta ƙi fita, ya ce in ci gaba mana, na ce ya ba ni minti ɗaya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da abokin nan ya gaya mini daga baya, cewa jihar Legas tana da tata dokar tun 2011, zamanin Fashola, har da ofishin LASODA da aka kafa dominmu, kuma Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu tun 2010. A Legas aka yanke mini cibi, a Agege na yi firamare da sakandare, amma ba malami ɗaya, ba liman ɗaya, ba ɗan siyasa ɗaya cikin masu zuwa Zangon Agege neman ƙuri'a da ya taɓa gaya wa Baba cewa 'yarsa tana da haƙƙi a rubuce. Shekara da shekaru ina godiya a kan abin da nake bin bashinsa.

Mu huɗu muka fara fafutukar: ni, da abokin nan makaho, da wata kurma 'yar Ibo da take kwafar littafin maƙwabciyarta don babu mai yi mata tafinta da hannu, da wani zabiya ɗan Zariya da ba ya ganin allo sai ya zauna a layin farko, kuma kullum sai ya tarar an cika shi. Ba mu da kuɗi, ba mu da ofis. Dabararmu ita ce mu roƙi shugaban aji minti biyar kafin malami ya shigo. Ajin da ke sama, su uku suke hawa, ni in tsaya a ƙasa, su ce wa ɗalibai su leƙo ta taga su ga wadda ya kamata ta yi musu magana da dalilin da ya hana ta.

Da farko tausayi muka riƙa samu, kuma ba shi muka je nema ba. Ina cikin bayanin sashen doka wata ta taso ta ajiye mini ɗari biyar a cinya, tana share hawaye. Na mayar mata, na ce 'yar'uwa ki riƙe ki hau mota, abin da nake so idan an kafa jadawalin zango mai zuwa ki tambaya me ya sa aka kai ajin da ke da mai keke hawa na biyu alhali ga ɗaki a ƙasa. Wasu suka kawo shawarar a ɗaure wa ɗalibai ido na awa ɗaya su ɗanɗana makanta. Abokinmu ya ƙi, ni ma na ƙi. Wanda aka ɗaure wa ido tsoro kawai zai koya, ya kwance ya ce kai Allah ya kiyaye, ya tafi da tausayin da ya fi na da. Shi kuwa makahon nan daga Oshodi yake zuwa shi kaɗai, ya san kowace kwata. Abin da ya rasa shi ne handawut a waya ko kwamfuta don na'urarsa ta karanta masa, maimakon takardar da ake sayarwa a ofis.

Zan faɗi gaskiya ko da za ta yi ɗaci: 'yan'uwanmu Hausawa sun fi ba ni wahala. Ba don ba su da kirki ba, su ne ma suka fi kowa saurin kama kekena. Amma yaron da ya tashi yana ganin gurgu a bakin danja, makaho a ƙofar masallacin Juma'a, ga Titin Kano na Ebute Metta, ga gidan mabarata na Okobaba cike da mutanenmu, kowane rukuni da sarkinsa, da wuya ka cire masa cewa alaƙarsa da mu sadaka ce. Wani ya ce mini, "Malama, ai ƙaddara ce, sai haƙuri." Na ce ƙafata ƙaddara ce, na karɓa tun ina shekara uku, amma matakalar nan birkila ne ya gina ta da siminti. Ba na raina mutanen Ebute Metta, kada wani ya juya mini magana. Da yawansu ba a taɓa buɗe musu wata ƙofa ba sai wannan. Kuma da an bi ta Kawu, can zan kasance. A tsakar gidanmu ya tsaya, ina zaune a tabarma ina ji, ya ce wa Baba, "Yaya, me gurguwa za ta yi da boko? Ka kai ta inda 'yan'uwanta suke, ko ba komai za ta ciyar da kanta." Goggo ce ta fito daga madafi da muciya a hannu ta ce, "Sai dai bayan raina." Shekara nawa ke nan, amma ko jiya da na ji muryarsa a wayar Baba sai da na tuna.

A masallacin makaranta aka ba ni dama bayan ta'alimin Lahadi. Sashen mata yana sama, don haka daga farfajiya na yi magana da lasifika. Ban kawo musu dokar Abuja ba a ranar. Na karanta farkon Suratu Abasa, na tuna musu cewa saboda makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, aka saukar da ayoyin nan, kuma abin da ya zo nema ilimi ne. Shi ne ya zama ladan, shi ne Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake bar wa Madina idan zai fita. Na ce to ni ma ilimi na zo nema, ga ni a waje. Mako biyu bayan nan aka sa labule aka ware mana gefe a ƙasa. Amir ɗin lokacin ya zo da kansa ya ce, "Yaya, ki yafe mana, ba mu taɓa lura ba." Wannan yaron Allah ya yi masa albarka duk inda yake.

Abin da ya fi komai tasiri kuwa tef ɗin awon Inna ne, na ɗinki, mai launin ruwan ƙwai wanda lambobinsa na farko suka goge. Na ɗauko shi wani hutu. Muka auna faɗin kekena, sannan muka bi ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, laburare, banɗaki, asibitin makaranta, ofishin jarabawa, muna rubutawa a littafi. Ɗaliban zanen gini suka gan mu suka tsaya tambaya, washegari suka zo da nasu tef na ƙarfe. Su suka koya mini ƙa'idar gangaren da ake yi wa keke, cewa duk tsayin taku ɗaya yana bukatar tsawon taku 12, in ba haka ba mai keke ba zai hau shi kaɗai ba, saukowa kuma kasada ce. Yaran da da suke ɗaga ni, su ne yanzu suke durƙushe a bakin ƙofa suna karanto lamba suna tsaki. Da wannan littafin muka je wajen shugaban sashe. Zango na gaba aka sauko da ajinmu ƙasa, malamai uku kuma suka fara turo handawut ta WhatsApp. Ba a kashe ko kwabo ba, shi ya sa nake cewa da ma can ba kuɗi ne ya hana ba.

Sai ga 3 ga Disamba, ranar nakasassu ta duniya. Wani shugaban ɗalibai da bai taɓa amsa takardarmu ba ya aiko cewa ya sayo sanduna da buhunan shinkafa, in zo in zauna a gaba a ɗauki hoto yana miƙa mini. Na aika masa cewa ina da sanduna, shinkafa kuma Baba yana saya, idan yana son hoto ya zo mu ɗauka a bakin banɗakin da ba na iya shiga. Bai zo ba. Ya bi gari yana cewa gurguwar nan girman kai gare ta. Na ji, kuma ban musa ba, jikar masu goron Agege ce ni. Wanda ya goya ki, inda ya ga dama zai sauke ki, shi kuwa a Facebook ya so ya sauke ni.

Daga nan korona ta shigo, yajin aikin malamai ya biyo, shekarar ta tafi a banza. A cikinta aka kafa hukumar nakasassu ta ƙasa, a cikinta kuma, ranar 25 ga Agustan 2020, aka sanar cewa an kawar da ƙwayar shan-inna ta daji daga Afirka. Inna ta ji a rediyo ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. A cikinta Goggo ta rasu, ba ta ga ranar da na sa rigar kammala karatu ba.

Wa'adin shekara 5 ɗin nan ya cika a Janairun 2024. Bayan cikarsa na koma makarantar karɓar wata takarda. An yi gangare a ƙofar ginin, amma a tsaye yake, wanda ya zuba shi bai ji labarin taku 12 ba, sai da direban da ya kawo ni ya turo ni. Lif yana nan da bokitansa. Amma a gindin benen na tarar da wata yarinya mai sanduna, 'yar aji ɗaya, tana faɗa da shugaban ajinsu tana kawo masa sashen doka da lambarsa, ƙawayenta uku masu ƙafa suna bayanta suna taya ta. Ba ta san ni ba, ban kuma gaya mata ba, don ina sauri kada a rufe ofis.

Ƙawata kurma ita ce har muka gama ba a samo mata tafinta ba, kuma abin da ya faru da ita a ɗakin jarabawar ƙarshe ba zai shiga kashin nan ba. Na nemi izininta ta ce in rubuta. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.