Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Aya Tana da Dangi

A makon jiya na yi alkawari cewa zan ba da labarin shekarun da na yi ina koyarwa, amma a gafarce ni, wani abu ya sha gabana. Ranar Talata da asuba wani tsohon ɗalibina ya turo mini saƙo a waya, hoton fitowar rana ne da aka rubuta Irmiya 29:11 a kansa, ayar nan da Ubangiji yake cewa ya san shirin da yake yi wa mutanensa, shiri na alheri ba na masifa ba. Na san da kyakkyawar niyya ya turo, na kuma yi masa godiya. Sai dai tun daga wannan safiya muryar Baba ba ta bar kunnena ba, kuma na san ba zan iya rubuta wani abu dabam ba sai na sauke wannan kaya.

Ina ɗan shekara goma sha biyu lokacin da na fara jin maganar nan ta Baba, cewa aya tana da dangi. Jarrabawa ce take gabana, ni kuwa na haddace Filibiyawa 4:13, inda Manzo Bulus yake cewa zai iya yin kome ta wurin wanda yake ƙarfafa shi. Na sami Baba a inda ya saba zama kafin gari ya waye, da tsohon Littafi Mai Tsarkinsa na fassarar 1932, wadda Dokta Walter Miller ya yi babban aiki a kanta. Bangon littafin ya riga ya rabu da jikinsa, Inna ta ɗinke shi da ƙyalle, tabaransa kuma hannu ɗaya ya karye ya ɗaure da zare. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, na sami aya, ba zan faɗi jarrabawar nan ba." Na karanta masa da ka. Bai yaba mini ba, bai kuma tsawata mini ba. Ya tambaye ni, "A ina Bulus yake sa'ad da ya rubuta wannan?" Na yi shiru. Ya buɗe sura ta fari ya nuna mini da yatsa inda manzon yake maganar ɗaurinsa, sa'an nan ya komo sura ta huɗu ya sa na karanta aya ta 11 da ta 12 da babbar murya. A nan na ga mutumin da yake cewa ya koyi zama da wadar zuci, ya san ƙoshi ya san yunwa, ya san yalwa ya san rashi. Baba ya rufe littafin ya ce, "Auta, aya tana da dangi, kada ka raba ta da danginta. Ƙarfin da aka ba Bulus na ɗaukar rashi ne da samu duka. Tashi ka ɗauko littafin lissafinka."

Shekarun da suka biyo baya ba ni da abin faɗa a kansu yau. Na gama makaranta, na kama aiki, na yi aure. Na doshi shekara talatin sa'ad da aka roƙe ni in riƙa rubuta gajeren tunani a takardar da ake rabawa a ikkilisiyarmu kowace Lahadi, abin da ba zai wuce rabin shafi ba. Hanyar da na bi ita ce in ɗauki abu ɗaya da na gani a cikin mako in ajiye shi kusa da karatun ranar, in ga abin da karatun zai ce masa. Na tuna wanda ya fi shiga zukatan mutane. Na kai matata asibiti, muka zauna a layin ganin likita tun safe har rana ta take tsaka, a gefenmu akwai wani dattijo da ba wanda ya rako shi, duk lokacin da aka kira suna sai wani ya riga shi miƙewa. A makon na rubuta a kan Yahaya sura 5, mutumin da ya yi shekara 38 yana fama da ciwo a bakin tafkin Betasda, wanda da Yesu ya tambaye shi ko yana so ya warke, amsarsa ita ce ba shi da kowa da zai sa shi a ruwan. Na tambayi masu karatu, a layin da suke tsayawa kullum, wane ne ba shi da kowa? Bayan shekaru da yawa na ga wannan takarda a naɗe cikin Littafi Mai Tsarkin wata baiwar Allah, ta yi ja saboda tsufa, kuma ba zan ɓoye ba, na yi alfahari da ita.

Yanzu na zo kan abin da ya sa saƙon ɗalibina ya tayar mini da tsohon miki. A wata shekara wurin aikin da mutane da yawa daga cikinmu suka dogara da shi ya sallami ma'aikata, magidanta suka wayi gari ba abin yi. Na yi kwana uku ina juya Irmiya 29 kafin in sa alƙalami a takarda. Wasiƙa ce annabin ya aika daga Urushalima zuwa ga waɗanda Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila tare da Sarki Yekoniya a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. A sura ta 28 wani annabi mai suna Hananiya ya riga ya gaya wa jama'a abin da kunnensu yake so, cewa cikin shekara biyu za a karya karkiyar Babila, kuma shi wannan Hananiya bai ga ƙarshen shekarar ba. Irmiya kuwa ya ce wa 'yan bauta su gina gidaje su zauna, su dasa gonaki su ci amfaninsu, su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, domin sai shekara 70 ta cika kafin a komo da su. Wannan lissafin shekaru yana aya ta 10, alkawarin da kowa yake so yana aya ta 11. Yawancin waɗanda suka fara jin wasiƙar a Babila aka binne su. Abin da na rubuta ke nan, na ce wa 'yan'uwana da aka sallama alkawarin Allah gaskiya ne, amma kada su zauna jiran a kira su gobe, su kama abin da hannunsu zai iya.

Dattijon da yake duba takardar kafin a buga, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya cire aya ta 10 da maganar Hananiya da shekara 70 gaba ɗaya. Ya bar aya ta 11 ita kaɗai, ya ƙara jimla biyu nasa cewa kafin ƙarshen wata za a ji labari mai daɗi, ya bar sunana a ƙasa. Ban gani ba sai ranar Lahadi a hannun mutane. Bayan sujada na same shi na ce, "Baba Dattijo, da kun tuntuɓe ni kafin ku taɓa rubutun." Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, mutane suna cikin baƙin ciki, ba wanda yake so a yi masa lissafin shekara saba'in." Na yi shiru saboda girmansa, kuma wannan shiru yana cikin abubuwan da nake nadama har yau. Wata ya ƙare, wani ya bi bayansa, ba labari. Wani ɗan'uwa mai 'ya'ya biyar ya tare ni a ƙofar majami'a da takardar a hannunsa, ya ce, "Malam, ba kai ka rubuta mana cewa kafin ƙarshen wata ba?" Bai sake zuwa sujada ba har tsawon shekara biyu. Dattijon ya riga mu gidan gaskiya, na kuwa yafe masa a gaban Allah, amma ba zan taɓa cewa ya yi daidai ba. Ya raba aya da danginta, wani kuma ya ɗauki nauyin.

Wani abu da na koya daga baya, wanda na so ƙwarai in gaya wa Baba amma ya riga ya tafi, shi ne cewa lambobin nan da muke kafa hujja da su ba annabawa da manzanni ne suka sa ba. Rabon surori da muke bi ana danganta shi ga Stephen Langton, wanda ya zama babban bishop na Kantabari a Ingila, ya rasu a 1228. Lambobin ayoyi na Sabon Alkawari kuwa wani mai ɗab'i ɗan Faransa ne, Robert Estienne, ya sa su a bugunsa na 1551. Ke nan fiye da shekara dubu Kirista suna karanta wasiƙar Filibiyawa a matsayin wasiƙa, daga gaisuwa har sallama, ba wanda ya san wani abu wai shi 4:13. Lambobin suna da amfani wajen nemo wuri cikin littattafai 66 da surori 1,189, amma su ne kuma suka sauƙaƙa wa mutum ya tsinke jimla ɗaya ya tafi da ita. Baba bai taɓa jin waɗannan sunaye ba, karatun asuba ne kawai ya koya masa abin da ya koya mini.

Tun da na faɗi laifin wani, wajibi ne in faɗi nawa. Bayan rasuwar Baba, saɓani ya shiga tsakanina da Yaya a kan abin da ya bari, har da tsohon littafin nan mai bangon ƙyalle, wanda nake ganin ni ya fi dacewa da shi. Cikin wannan fushi na rubuta tunani a kan Luka 12:15, gargaɗin Yesu game da kwaɗayi, kuma duk wanda ya san gidanmu ya san wanda nake nufi. Inna ba ta karatu, amma jikarta ta karanta mata. Ta aika a kira ni, ta ce, "Auta, a cikin labarin nan, wa ya kai ƙarar ɗan'uwansa wurin Yesu?" Na san amsar tun kafin ta rufe baki. A aya ta 13 wani ne daga cikin taro ya roƙi Yesu ya ce wa ɗan'uwansa ya raba gādo da shi, Yesu ya ƙi zama alƙalinsu, gargaɗin kuma ya biyo bayan roƙon mai ƙarar ne. Ta ce, "Abin da ubanka ya hana ka tun kana yaro, shi ka yi da ɗan'uwanka." Sai da na yi wata huɗu kafin na iya taka ƙofar Yaya in roƙi gafara, kuma waɗannan watanni sun fi mini ciwo a kan abin da dattijo ya yi mini, domin shi tausayi ne ya ɓatar da shi, ni kuwa makami na mai da Maganar Allah.

A yau a waya nake rubutawa, 'yata ce ta koya mini, kuma tunanin yakan isa wurin mutanen da ban taɓa gani ba. Abubuwan da nake ɗauka sun sauya. Na rubuta a kan Marta da Maryamu a Luka 10 bayan na ga iyali guda zaune a ɗaki ɗaya kowa ya sunkuyar da kai a kan wayarsa, na kuma rubuta a kan Yakubu 1:19, saurin ji da jinkirin magana, bayan wata jita-jita da aka yi ta turawa daga waya zuwa waya har ta kusa kashe wani aure. Masu karatu suna roƙo in gajarta, ina kuwa gajartawa, amma ba na rubuta kalma ɗaya sai na karanta surar dukanta da wadda take gabanta, kuma a ƙasan kowane tunani ina sa karatun ranar cikakke, ba aya guda ba.

Ɗalibin nawa na mayar masa da amsa ranar Laraba, na roƙe shi ya karanta Irmiya 29 daga aya ta 1 zuwa ta 14, sa'an nan mu yi magana. Littafin Baba kuwa yana gabana yanzu da nake wannan rubutu, Yaya ne ya kawo mini shi da hannunsa shekara guda bayan mun shirya. Da na buɗe wurin na tarar Baba ya ja layi da fensir a gefen shafin, layin ya fara daga aya ta 4, inda wasiƙar ta soma, bai tsaya ba sai ta 14. Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, zan koma kan shekarun koyarwa kamar yadda na alkawarta.