Filin da na saya da rani

Da rani na sayi filina, a wani awon igiya da ke ƙaramar hukumar Ungogo, inda gidajen Kano ke ƙarewa gonaki su fara. Ƙasa ta bushe ƙamas, kuɗin kuma bai kai rabin na cikin gari ba. Ranar da ake kafa turaku wani dattijo ya zo wucewa da akuyoyinsa, ya tsaya ya ce, "Yaro, nan fa da shinkafa muke shukawa." Na ce, "To, Baba," na ci gaba da lissafin bulo.

Sai daminar 2022 na fahimci maganarsa. Shekarar ce ambaliya ta ci rayuka sama da 600 a Najeriya, ta shanye gonaki a Haɗeja da Ringim. Namu bai kai na mutanen Jigawa ba, amma a dare ɗaya cikin watan Agusta ruwa ya shigo mana ta ƙofa har gwiwa, masai ya cika ya tumbatsa, katangar maƙwabcina ta ƙasa ta zube. A kan gado muka kwana a zaune, yara a cinya.

Da na koma wurin dattijon, shi ya warware mini. Wurin fadama ne. Farin 1973 da na 1984 suka busar da ita, har masu gona suka ga gara su yanka su sayar. Akwai kududdufai biyu da ruwan unguwar ke taruwa, an cike su da shara an yi gini a kai. Ruwan sama kuma ya sauya hali: ya yi mako biyu bai zo ba, ranar da ya zo ya zubar da na wata guda.

Dabarata ta farko ta son kai ce, ba zan ɓoye ba. Na sayi tifa biyu ta jar ƙasa na ɗaga ƙofar gidana. Ruwa na gaba ya zagaye ni ya faɗa gidan wata gwauruwa da ke bayana. Da safe ta zo ta ce, "Malam, ruwanka ya iso." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Daga nan muka je wurin mai unguwa. Bayan sallar asuba muka bi sawun ruwan da ƙafa, daga bakin titi har rafi, muna duba inda ya bar alama a jikin bango. Kowane gida ya kawo abin da ya samu, matasa suka yi gayya Asabar huɗu a jere, aka haƙa magudana aka jera buhunan yashi a kwana. Wahalar ba a haƙa take ba. Tana wajen shawo kan mutum biyu su sadaukar da taku uku-uku na filinsu, wannan sai da liman ya sa baki.

Yanzu duk watan Mayu muke yashe magudanar, domin leda da robar ruwa ke toshe ta. Na dasa darbejiya uku, saboda a azumin 2024 ɗakin kwano ya ƙi zaunuwa da rana. Kududdufi ɗaya ya rage a ƙasan unguwa, kuma makon jiya na ga dillali yana zagaya shi da igiya.