Kwatan tankin da ya kusa halaka ni a Buffalo

Har yau in na tuna safiyar Juma'ar nan, 23 ga Disamba 2022, sai haushin kaina ya kama ni. A Buffalo, birnin da ke jihar New York ta Amurka, an kwana biyu ana gargaɗin guguwar dusar ƙanƙara a rediyo da waya, amma da na leƙa taga sai na ga ruwa ne kawai ake yi. Na ce bari in yi maza in sayo madarar yara. Man motata bai kai kwatan tanki ba. Na gani da idona, na ce in na dawo na sha.

Ban yi nisa ba ruwan ya daskare a kan kwalta, iska ta taso daga tafkin Erie da dusar ƙanƙara. Na san hazon hunturu da ke hana jirgi sauka a Kano, amma wannan ko bonet ɗin motata ba na gani. Ƙarfe 9:30 aka hana tuƙi a gundumar Erie, wadda Buffalo ke cikinta, ni kuwa ina tsakiyar titi, motoci sun gicciye gabana da bayana. Na kira 911, lambar neman agajin gaggawa, aka ce ba mai iya isowa, don motocin kashe gobara da na asibiti su ma sun maƙale.

Nan man ya zama raina. Ina kunna inji minti goma a kowace awa, idona a kan allurar. Kafin in kunna kuma sai na fita na tone bakin salansa da hannu, domin in ƙanƙara ta toshe shi hayaƙin cikin mota yake komawa, ya kashe mutum yana gyangyaɗi. Yatsuna suka daina jin komai. Da cikakken tanki gare ni, da ban riƙa lissafin minti ba.

Bayan magariba wani dattijo ya ƙwanƙwasa gilashina, ya ja ni zuwa gidansa. Kwana biyu na yi a falonsa. Allah ya saka masa da alheri.

Dusar ta haura inci 50 a filin jirgin Buffalo, wanda bai buɗe ba sai ran 28. Sama da mutum 40 suka rasu, wasu a cikin motocinsu.

Yanzu da Nuwamba ta kama ba na barin tanki ya gaza rabi, kuma shebur da bargo da ruwan sha ba sa fita daga but. In aka yi gargaɗi, a ranar nake sayen madara.