Hawan Mambila da fitilun ƙari

Yayana yana harkar shanu tsakanin Gombe da Nguroje, kuma a damunar bara ya ce in raka shi Gembu. Hilux ɗinsa ta sha hanya, fitilunta na gaba sun dushe, don haka tun a Gombe ya sayo na ƙari: doguwar fitilar LED mai wat 120, da wasu ƙanana guda biyu masu ruwan ɗorawa, kowace wat 55. Muka bi ta Numan muka sauka Jalingo, da niyyar a ɗaura su kafin mu tunkari dutse.

Mai riwayar da aka kai mu wurinsa dattijo ne, ba ya gaggawa. Yaya ya ce a jona sababbin fitilun da wayar fitilar gaba kawai mu kama hanya. Dattijon ya girgiza kai. "Alhaji, wannan wayar an yi ta ne daidai nauyin da kamfani ya ɗora mata. Ka ƙara mata wannan, sai ta yi zafi, makunnin ya narke, wata rana ka ga hayaƙi daga ƙarƙashin sitiyari." Ya yi mana lissafin a ƙasa da tsinke: wat 120 a raba da bolt 12 na batir, amfiya 10 ke nan. Ƙananan biyun kuma wat 110, wajen amfiya 9. Kowane ɓangare zai samu wayarsa daga batir, da fiyus ɗinsa mai lamba 15, da rile ɗinsa, wato ɗan na'urar da ke jona wuta da yanke ta.

Na ja benci na zauna ina kallo, don aikin ya burge ni. Abu na farko, ya cire kan batir na nagatif. Sannan ya ɗauko rile, ɗan baƙin akwati mai ƙafa huɗu, ya nuna mini lambobin da ke gindinsa. Ƙafa mai lamba 30 ita ke karɓar wuta daga batir, 87 ta miƙa ta ga fitila, 85 a ɗaure ta a jikin ƙarfen mota, 86 kuma ta tafi makunni. Ashe makunnin da ke gaban direba ba ya ɗaukar nauyin komai, umarni kawai yake bayarwa, rile ne ke ɗaukar kayan. Fiyus kuwa ya sa shi dab da batir, tazarar ba ta kai kamu ɗaya ba. Na tambaye shi dalili. Ya ce duk wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba ta da mai tsaronta, to gara ta zama gajeriya. Inda waya za ta ratsa ƙarfe ta shiga cikin mota, ya bi da ita ta cikin robar da kamfani ya sa, bai huda sabon rami ba. Inda zai ɗaure wayar jiki kuma sai da ya kankare fenti har ƙarfe ya yi fari.

Wuri ɗaya suka yi gardama. Yaya yana son doguwar fitilar ta riƙa kamawa duk lokacin da ya ga dama. Dattijon ya ce a'a, zai ɗauko umarnin rile ɗinta daga wayar ful, wato babban hasken fitilar gaba, ta yadda in aka yi dim, aka rage hasken, ita ma za ta mutu nan take. Ni dai ina bayan dattijon. Duk wanda ya taɓa tuƙin dare ya san yadda irin wannan fitila take rufe wa na gaba ido, balle mai babur da ya ɗauko iyalinsa. Ƙananan biyun ya ɗaura su can ƙasa a jikin bamba. Bayan magariba ya sa aka fuskanci bango da motar, ya yi ta sunkuyar da su har haskensu ya kwanta a ƙasa. Ya miƙa wa Yaya fiyus na ajiya a ƙullin leda, muka sallame shi.

Da safe muka bi ta Garba Chede zuwa Bali, muka yi azahar a Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take. Ruwa ya tsare mu a can, sai da la'asar sakaliya muka isa Mayo Selbe, gindin dutsen. Daga nan hanya ta fara nannaɗewa, kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, kwazazzabo a ɗayan. Yaya ya sa ƙaramar giya, mota tana nishi. Kunnuwana suka toshe, iska ta sauya, na lalubo rigar sanyi.

Kafin Maisamari hazo ya rufe mu. Tudun Mambila ya kai tsayin mita 1,600, abin da muke kira gajimare a ƙasa, a can cikinsa ake tuƙi. Yaya ya gwada doguwar fitilar, gabanmu ya koma fari fat kamar an rataya zane a gilashi, domin ɗigon ruwan da ke cikin hazo yana maido da hasken ne cikin idon direba. Ya kashe ta, ya yi dim, ya kunna ƙananan. Sai ga bakin kwalta ya fito, ga ciyawar gefen hanya, ga ramuka. Ba nisa suke haskawa ba, amma abin da muke bukata ke nan, tunda tafiyar ta koma a hankali. A wata kwana muka tarar da shanu kwance a kan kwalta. Ƙafafunsu da ƙahonninsu muka fara gani, Yaya ya taka birki yana salati.

A Nguroje muka kwana. Ranar doguwar fitilar ta zo ne da asubahin washegari, da muka bar kwalta muka bi hanyar burji zuwa rugar da Yaya zai duba shanu, ta wajen gonakin shayi na Kakara. Sama ta washe, ba mota ko ɗaya a gaba, haskenta ya buɗe mana tuddai da zaizayar da ruwa ya yi wa hanya tun daga nesa. A wani gangare mai duwatsu ƙananan fitilun suka ɗauke. Muka tsaya muka leƙa: dutse ya daki wayar ƙarƙashin bamba, ta fere ta taɓa ƙarfe, fiyus ya ƙone shi kaɗai, sauran wutar motar lafiya lau. Yaya ya naɗe wurin da salatif, ya ɗaga wayar sama ya ɗaure, ya sa sabon fiyus, suka kama. Da hantsi muka gama da rugar, muka sha madara mai ɗumi, muka juya muka nufi Gembu.