Abin da na koya a gonakin kudancin Jojiya bayan guguwar Maikel

Na taso a gidan manoman gyaɗa da auduga, na kuma yi karatun aikin gona a Samaru ta Zariya, kafin neman ƙarin ilimi ya kai ni Amurka, inda daga baya na samu aikin malamin gona a wata gunduma da ke kudu maso yammacin jihar Jojiya. Abin da ya fara kwantar mini da hankali a wannan yanki shi ne amfanin gonar da na tarar, domin Jojiya ce kan gaba a noman gyaɗa a duk faɗin Amurka, kuma auduga na cikin manyan abubuwan da manomanta suka dogara da su. Tsarin aikinmu ya samo asali ne daga wata doka ta shekarar 1914, wadda ta ɗora wa jami'o'in noma nauyin kai sakamakon bincikensu har bakin gona. A Jojiya, Jami'ar Jojiya da Jami'ar Fort Valley ne ke riƙe da wannan aiki a gundumomin jihar 159, kuma malamin gona yakan zauna ne a cikin mutanen da yake yi wa hidima, ya san gonakinsu, ya san 'ya'yansu.

Ranar Laraba, 10 ga Oktoba, 2018, mahaukaciyar guguwar da aka laƙaba wa suna Maikel ta afka wa gaɓar Fulorida kusa da garin Mexico Beach da iska mai gudun mil 160 a awa ɗaya. Irin wannan guguwa takan yi sanyi da zarar ta bar teku, amma wannan ta shigo Jojiya da yammacin ranar da sauran ƙarfinta, ta bi ta Donalsonville ta nufi Albany. Lokacin da ta zo shi ne ya fi komai muni, domin kaka ce tsaf. An riga an fesa wa auduga maganin zubar da ganye, ta buɗe fari fat tana jiran injin cira, kuma manoma da yawa suna cewa sun daɗe ba su ga shekara mai albarka irin wannan ba.

Da gari ya waye na bi hanyar da na saba bi kullum, sai da na yi ta tsayawa ina duba alamu kafin in gane inda nake. Audugar da na bari tsaye shekaranjiya ta zube ƙasa ta cakuɗe da jan laka, wadda ta rage a jikin kara kuwa ta zama zare-zare tana lilo. Manyan injinan ban-ruwa masu zagaya gona a kan tayoyi sun kife, ƙafafunsu na kallon sama. A gonakin fikan, wata bishiya mai 'ya'ya masu ɓawo da ake ci kamar gyaɗa, bishiyoyin da suka girmi masu gonar sun kwanta jere a gefe ɗaya, saiwoyinsu a waje ɗauke da ƙasa.

A makon farko kusan babu wanda ya tambaye ni maganar amfanin gona. Babu wutar lantarki, babu layin waya, itatuwa sun tare hanyoyi, kuma rijiyoyin burtsatse da shanu ke sha sun tsaya saboda famfunansu da lantarki suke aiki. Aikinmu ya koma sanin wanda ke da janareta da wanda shanunsa suka kwana biyu ba ruwa, sannan mu haɗa su. Mun yi ta gargaɗin makiyaya su kewaya shingayensu su kwashe rassan bishiyar ceri ta daji da suka faɗo, domin ganyenta idan ya yi yaushi yana fitar da guba mai kashe saniya cikin ɗan lokaci. Mun bi gidaje muna roƙon mutane kada su tayar da janareta a cikin ɗaki ko gareji saboda hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji warinsa ba, muna kuma faɗa wa matan gida cewa abincin firij ba ya wuce awa 4 bayan ɗauke wuta, cikakkiyar firiza kuma takan riƙe sanyi kusan awa 48 idan ba a buɗe ta ba. Duk wannan yana rubuce a takardunmu tun kafin guguwar, amma babu intanet da za a karanta shi, don haka da baki muka kai shi.

Bayan haka sai aikin ƙidayar asara, wanda da farko na ɗauke shi a matsayin cika takarda kawai, alhali mutane na cikin halin ni-'yasu. Kowane malamin gona ya zagaya gundumarsa yana ƙiyasta kason audugar da ta zube, da yawan bishiyoyin da suka faɗi, da ɗakunan kajin da suka rushe, yana aika wa ƙwararrun jami'a. Da aka haɗa alƙaluman, asarar noma da gandun daji a Jojiya ta haura dala biliyan 2.5. Fikan kaɗai an ƙiyasta asararsa a kan dala miliyan 560, kuma kaji kimanin miliyan 2 ne suka mutu. Waɗannan alƙaluma su ne wakilan jihar suka riƙe a hannu a majalisar dokoki ta Washintan, kuma duk da haka sai a watan Yuni na 2019 aka sa hannu a kan dokar agajin, wato kusan wata 8 bayan guguwar, lokacin da manoma sun riga sun ci bashin sabuwar shuka.

Babban kuskurena na yi shi ne a gonar wani dattijo baƙar fata mai 'yar ƙaramar gona, wanda na saba kai wa ziyara tun kafin wannan masifa. Na same shi shi kaɗai da zarto mai inji yana fama da itatuwan da suka danne masa shinge, tausayinsa ya kama ni, na tara masa matasa daga cikin ɗaliban ƙungiyar matasan manoma da iyayensu. Cikin kwana biyu muka yanke itatuwan, muka tara su muka ƙona, muka ɗaga shingen. Na koma gida ina jin na yi abin kirki. Sai da lokacin neman tallafin gyaran gona ya zo na gane abin da na jawo masa, domin ana buƙatar hujjar ɓarnar: hotuna, da tsawon shingen da ya lalace, da rasit, da lissafin awannin da aka yi ana aiki. Mu kuwa mun share hujjar da hannunmu, ko hoto ɗaya ban ɗauka ba. Da na je na ce masa, “Baba, laifina ne, ni ya kamata in tuna,” bai ɗaga murya ba, ya ce dai in zauna mu ga abin da za a iya tattarawa. Mun bi iyayen yaran ɗaya bayan ɗaya muna neman hotunan da suka ɗauka a wayoyinsu don tunawa, muka auna kututturan da suka rage, muka rubuta sunayen waɗanda suka yi aikin.

A nan ne kuma wata matsalar da ta fi wannan zurfi ta fito fili. Gonar ta kakansa ce, ya rasu bai bar wasiyya ba, ba a kuma taɓa raba gadon ba, saboda haka ƙasar ta zama ta magada da yawa da suka warwatsu a birane, shi kuwa da ke nomanta ba shi da takardar mallaka da sunansa. Duk wanda ya san gonar gandu a ƙasar Hausa zai gane wannan yanayi nan take, sai dai a can rashin takarda yana nufin wahalar samun lambar rajistar gona, kuma ba tare da wannan lamba ba ƙofofin tallafin gwamnati da yawa a rufe suke. Iyalan baƙaƙen fata da yawa a kudancin Amurka suna cikin wannan hali. Dokar noma da aka zartar a Disamba 2018 ta sassauta irin takardun da mai noman ƙasar gado zai iya gabatarwa, amma na yi shekaru ina shan ruwa a gidan mutumin nan ina duba masa ƙwarin gyaɗa ban taɓa tambayarsa matsayin takardun gonarsa ba, kuma a ganina wannan ya fi rashin ɗaukar hoto nauyi.

Shawara mafi ɗaci da na bayar ita ce ta bishiyoyin fikan da suka karkace. Manomi yakan tsaya gaban bishiyar da mahaifinsa ya dasa, wadda har yanzu ganyenta kore ne, yana so ka ce masa a ɗaga ta da tarakta a tokare ta za ta rayu. Abin da ƙwararrun Jami'ar Jojiya da ke garin Tifton suka koya daga guguwowin baya shi ne ƙananan bishiyoyi ne ake iya miƙarwa su kama, idan an yi da wuri ƙasa na da danshi, manya kuwa da saiwoyinsu suka tsinke yawanci sukan bushe daga baya ko iska ta gaba ta sake kayar da su. Sabon dashe kuma yakan ɗauki shekara 7 zuwa 10 kafin ya fara ba da amfanin kirki. Faɗa wa mai shekara 70 wannan magana ba abu ne mai sauƙi ba, amma na ga waɗanda suka kashe kuɗin da ba su da shi wajen ɗaga manyan bishiyoyi, kuma na tabbata ɓoye masa gaskiya cutarwa ce. Na koyi in zagaya gonar da shi a ƙafa, bishiya bayan bishiya, shi ke riƙe da fentin da ake sa alama, ni ina faɗin abin da na gani a saiwa, hukuncin kuma nasa ne.

Masu kawo agaji da 'yan jarida sun watse cikin 'yan makonni, nauyin kuwa a watannin sanyi ya sauko, lokacin da manoma suka zauna da bankuna. Mutanen da ba su taɓa fashin taronmu na shirin damina ba suka daina zuwa, wasu suka daina ɗaga waya. Mu ba likitoci ba ne, amma mu ne muke da dalilin shiga gonar mutum ba tare da ya ji kunya ba, don haka nakan je da hujjar ɗaukar samfurin ƙasa, in daɗe a bakin mota ina sauraro. Mun fara ajiye lambobin masu ba da shawara kan damuwa a kan teburi ɗaya da takardun taki da na iri, yadda mutum zai ɗauka ba wanda ya lura.

Yanzu duk ranar 1 ga Yuni, da lokacin guguwa ya kama, nakan bi ƙananan manoman gundumata mu ɗauki hotunan shinge da rumbu da injuna da dabbobi suna lafiya lau, mu tabbatar kowa yana da lambar gonarsa, mu rubuta wanda ke da janareta da wanda ke da tirelar ɗaukar shanu a takarda, ba a waya kaɗai ba. A ƙarshen Satumba 2024, da guguwar Helin ta ratsa Valdosta ta yi gabas da mu, na loda zarto da man janareta na tafi taya abokan aikina na can. A gonar farko da muka shiga, mai gonar ya riga ya tayar da zartonsa, na roƙe shi ya kashe shi na minti 20, muka zagaya shingen tare ina ɗaukar hoto yana faɗa mini tsawon kowane sashe.