Kofin Yaya

Talata. Kwana 19 da fara maganin tarin fuka (tibi) na ƙoda. Da asuba na kai wa Yaya ƙwayoyinsa tun bai sa komai a ciki ba, ya haɗiye yana yamutsa fuska. Fitsarin dai har yanzu launin ruwan goro. Ranar farko ya zaci jinin ne ya dawo, sai da nas ta ce aikin rifampicin ne, ɗaya daga cikin magungunan, har gumi da hawaye yana rinawa.

Babu wuta tun jiya. Mai ruwa ya ƙara kuɗin jarka.

Gwaggo ta iso Agege wajen sha ɗaya, tana mitar cunkoso tun daga Mile 12. Ko mayafi ba ta cire ba ta fara.

"Wai tarin fuka, ga mutumin da ko tari ba ya yi? Ke 'yar nan, sanyi ne, ku nemo jiƙo."

Na ce Gwaggo, wata takwas fa yana shan maganin sanyi daga kemis, zafin fitsarin bai daina ba, dare ɗaya sai ya tashi sau biyar. Na mayar mata da bayanin likita: ta huhu ƙwayar cutar take shiga, jini ya kwashe ta ya kai ƙoda, ta kwanta shekaru kafin ta motsa. Abin da ya sa aka zarge ta ma, duk gwajin da aka yi sai a ga mugunya a fitsarin, amma a rasa ƙwayar da ke jawo sanyin da aka saba. Shi ya sa aka karɓi fitsarinsa na farkon safiya kwana uku a jere, aka sa a na'urar GeneXpert, aka ɗauki hoton ƙoda. Nan ta fito.

"To har yaushe?"

Na ce wata 6. Wata 2 na farko magani huɗu ne a haɗe, sauran wata 4 kuma biyu. Maganin kyauta ne a cibiyar tibi, hoto ne ke cin kuɗi, kuma za a maimaita shi, don wani lokaci garin warkewa hanyar da ke sauko da fitsari daga ƙoda takan tsuke.

Ta yi shiru. Can sai ta sa ƙafa ta ture kofinsa gefe, wai a ware masa nasa da kwanonsa, akwai yara a gida. Raina ya ɓaci. Na ce an duba ƙirjinsa da kakinsa, huhunsa lafiya lau, kuma ko mai tarin ma ta iska yake yaɗa shi, ba ta kofi ba. Muryata ta ɗan yi sama, Inna ta harare ni, na ba da haƙuri.

Da la'asar na raka ta bakin titi ta hau danfo. Har ta ba ni goro.

Bayan isha ina wanke-wanke, sai na tsinci kaina na bar kofin nan shuɗi a ƙarshe, na dafa ruwa musamman ina ɗauraye shi shi kaɗai. Ban ma san na yi ba. Da na ɗago, Yaya na tsaye bakin ƙofa da butarsa. Ya dubi kofin, ya dube ni, ya ce, "Sannu da aiki, Auta." Ya wuce bayi.

Kofin yana nan kan taga. Ban mayar da shi cikin sauran ba tukuna.